Girki da Tukunyar Lantarki da Maikirowef Kaɗai: Amfani da Haɗari a Bibemi da Garwa

Tukunyar lantarki mai dafuwa sannu-sannu da na'urar maikirowef kayan girki ne da ba sa buƙatar itace ko gawayi ko gas. Ta farkon tana ɗaukar awa shida zuwa goma tana dafa abinci da ɗan ƙaramin zafi, ta biyun kuma tana gama nata aikin cikin 'yan mintoci. A Bibemi da ƙauyukanta, kamar sauran yankin Binuwai na arewacin Kamaru, murhun duwatsu uku da kurfoti ne har yanzu suke ciyar da yawancin gidaje. Amma akwai waɗanda zamansu bai ba su damar hura wuta kullum ba: ma'aikatan da aka turo daga nesa, malaman makaranta, ma'aikatan jinya masu kwana a bakin aiki, ɗaliban jami'ar Garwa wadda aka kafa a 2022, da duk mai zaman ɗaki ɗaya na haya inda babu ɗakin girki. Irin waɗannan suna iya rayuwa da na'urorin nan biyu, su ci abinci mai kyau, muddin sun san iyakar kowacce.

Daga Amurka dukansu suka fito. Irving Naxon, wani injiniya a birnin Shikago, shi ya ƙirƙiro tukunyar don dafa wake, ya sami takardar mallakar fasaharta a 1940, daga baya kamfanin Rival ya fito da ita kasuwa da sunan Crock-Pot a 1971. Maikirowef kuwa Percy Spencer na kamfanin Raytheon ne ya gano hanyarta a 1945, yana cikin aiki a kan na'urar hango jiragen yaƙi, kuma sai a 1967 aka fara sayar da ƙaramar da ake ɗorawa a kan tebur. An tsara su ne don gidajen da wuta ba ta cika yankewa ba, akwai firji a kusa, ɗaki kuma yana da sanyi. A Bibemi babu ko ɗaya cikin ukun nan da mutum zai yi rantsuwa a kansa. Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka gama a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma idan ruwan tafkin ya ja baya, kamar yadda aka gani a 2021, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gider sun rage matsalar, ba su kawar da ita ba. Zafi kuwa a watannin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyos.

Tukunyar tana da sassa uku: gangar ƙarfe mai wayar zafi a ciki, kaskon tangaran mai kauri da ake cirewa, da murfin gilashi. Wutar da take ja ba ta da yawa, tsakanin wat 70 zuwa 300 gwargwadon girmanta. Tana ɗaga zafin abinci a hankali har ya kusa tafasa, sai ta riƙe shi a nan, kamar tukunyar ganda da aka bari a kan garwashi ta kwana. Daban take da tukunyar lantarki ta dafa shinkafa, daban kuma da tukunya mai matse tururi, kuma masu sayar da kayan gwanjo sukan haɗa su a suna ɗaya, don haka mai saye ya duba da kyau.

Inda ta fi amfani shi ne nama mai tauri. Shanun da ake kawowa kasuwar Adumri dabbobin kiwo ne da suka sha tafiya, namansu akwai jijiya, kuma jijiya ba ta jin wuta mai ƙarfi ta ɗan lokaci. Zafi matsakaici na awoyi ne yake narkar da ita ta koma romo mai kauri. Ƙafar sa, da wutsiya, da kai, da ganda, da tsohuwar kazar gida, da zabo, duk suna yin laushi a cikinta ba tare da an tsaya ana iza wuta ba. Haka farin wake, da gurjiya, da tsakin masara. Kanwar da ake jefawa don wake ya yi saurin nuna ba a buƙatarta sosai a nan, tunda lokaci ne yake yin aikin.

Akwai ƙa'idojin da suka saɓa wa abin da hannu ya saba. Ruwa ba ya ƙonewa a wannan tukunya, domin tururi yana komawa ciki, saboda haka ana rage ruwan miya da kusan kashi ɗaya cikin uku, in ba haka ba ta fito tsululu. Ana cika kaskon daga rabi zuwa kashi biyu cikin uku, kada ya gaza, kada ya wuce. Doya da dankali da karas suna ƙasa, nama a samansu, domin a irin wannan zafi sun fi nama jinkirin nuna. Buɗe murfi don leƙe yana zubar da zafin da sai an yi minti 20 ko fiye kafin ya dawo. Kuka, da busasshiyar kuɓewa, da yakuwa, da zogale, da alayyafo, ana sa su ne a rabin awar ƙarshe. Ganyen da ya yi awa takwas a wuta ya rasa launi da ɗanɗano da yawancin sinadarin bitamin C. Ɗanyen kifin Lagdo, karfasa ne ko tarwaɗa ko giwan ruwa, shi ma a ƙarshe yake shiga, in ba haka ba ya dagargaje ya bar ƙaya a cikin miya. Nono da madara suna tsinkewa idan sun daɗe.

Babban haɗarin wannan tukunya yana cikin jinkirinta. Ƙwayoyin cutar da ke ɓata abinci suna hayayyafa ne tsakanin digiri 5 da digiri 60, kuma a yanayin da ya yi musu daɗi wasunsu suna ninka kansu duk minti 20. Da wannan lissafi ƙwaya ɗaya tana iya zama sama da miliyan biyu cikin awa bakwai. Tukunya mai lafiya tana fitar da abinci daga wannan tsakani cikin lokacin da bai isa ya yi lahani ba, amma abubuwa da dama suna iya tsawaita zamansa a ciki. Naman da aka ciro daga firiza yana ƙanƙara yana ɗaya daga ciki: sai an narkar da shi tukuna. Manyan gunduwa-gunduwa su ma haka, gara a yanka su ƙanana. Yana da kyau a fara da babban zafi na awa ɗaya kafin a mayar da maɓallin ƙaramin zafi, a kuma zuba ruwan zafi maimakon na randa. Maɓallin da ke riƙe ɗumi an yi shi ne don abincin da ya riga ya dahu, ba ya dafa ɗanye. Ba a kuma yin ɗumame a wannan tukunya, domin abincin jiya zai daɗe a cikin ɗumin da ƙwayoyin cuta suke so kafin ya yi zafi.

Sai batun ɗauke wuta, wanda a wannan yanki ya fi kowanne muhimmanci. Mutum ya ɗora nama da ƙarfe bakwai na safe ya tafi aiki. An ɗauke wuta da tara, an dawo da ita da ƙarfe biyu. Tukunya mai maɓallin murɗawa tana ci gaba da aiki da zarar wuta ta dawo, don haka da yamma zai tarar da miya tana tururi, tana ƙamshi, babu alamar komai. Alhali naman ya yi awa biyar a cikin ɗumi, a ɗakin da shi kansa ya kai digiri 35 ko fiye. Zafin da ya biyo baya yana kashe ƙwayoyin, amma wasunsu, irin su Staphylococcus aureus da Bacillus cereus, suna barin guba wadda tafasa ba ta lalata ta. Hanci da harshe ba sa gane wannan guba. Shawarar da hukumar aikin gona ta Amurka take bayarwa ita ce: idan wuta ta yanke ba kowa a gida, ba a kuma san tsawon lokacin ba, a zubar da abincin ko da ya yi kama da dafaffe. Idan ana gida, a juye shi nan take a ƙarasa a kan wata wuta. Idan kuwa ya riga ya dahu kafin yankewar, yana iya zama a rufe har awa biyu. Zubar da tukunyar nama abu ne mai ciwo ga mai ƙaramin albashi, amma kuɗin ƙarin ruwa a asibiti ya fi kuɗin kilo ɗaya na nama.

Akwai hanya mai sauƙi ta sanin ko an ɗauke wuta a bayan mutum. Agogon da ke fuskar yawancin na'urorin maikirowef yana gogewa ko ya riƙa ƙyaftawa idan wuta ta yanke ta dawo. Wanda ya saita shi kafin ya fita zai gane da ya shigo. Wannan ya shafi masu ɗora abincin sahur da dare a watan azumi su kwanta. Mafi aminci dai shi ne a yi doguwar dafuwa a ranar da ake gida, ko a lokacin da aka lura wutar unguwa ta fi zama. Wanda yake da kurfoti ko ƙaramin gas na ko-ta-kwana ya huta, sai dai a hura gawayin a waje: hayaƙinsa marar wari yana kashe mutum a rufaffen ɗaki, haka ma na janareta.

Jan wake yana buƙatar bayani na musamman. Wannan shi ne waken da ake kawowa daga yammacin Kamaru, wanda ake ci da fanke da safe a garuruwa. Yana ɗauke da wata guba mai suna phytohaemagglutinin, wadda ƙwaya huɗu ko biyar na ɗanyensa sun isa su sa amai mai tsanani da gudawa cikin awa ɗaya zuwa uku. Tafasa mai ƙarfi ce take kashe ta, kuma tukunyar sannu-sannu ba lallai ta kai wannan zafi ba. Waken da ya tsaya a wajen digiri 80 gubarsa tana nan, ko da ya yi laushi. Dole a jiƙa shi aƙalla awa biyar, a zubar da ruwan, a tafasa shi a sabon ruwa yana ɓararraka na aƙalla minti 10, wasu hukumomin lafiya ma sun ce 30, kafin ya shiga tukunyar lantarki. Wanda ba shi da wata wuta sai na'urorin nan biyu, gara ya sayi dafaffe ko na gwangwani. Farin waken gida ba shi da wannan matsala sosai. Rogo mai ɗaci da ganyensa su ma ba na wannan tukunya ba ne, domin gubarsu tana fita ne ta hanyar jiƙo da daka da tafasa a buɗe, a kuma zubar da ruwan.

Tukunyar gwanjo tana iya yin rauni ba a sani ba. Ana gwada ta da ruwa: a cika rabin kaskon ko fiye kaɗan, a rufe, a kunna ƙaramin zafi na awa takwas, a auna nan take. Ya kamata ruwan ya kai wajen digiri 85. Wadda ta gaza haka ba ta da amincin dafa nama. Kaskon da ya tsage a daina amfani da shi, kuma ba a zuba masa ruwan sanyi yana da zafi.

Maikirowef tana aiki ne da igiyoyin lantarki masu kaɗawa sau biliyan 2.45 a daƙiƙa, waɗanda suke girgiza ruwan da ke cikin abinci har ya yi zafi. Jita-jitar cewa suna sa abinci ya zama mai jawo ciwon daji ba ta da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa igiyoyin ba sa zama a cikin abinci, suna ɗaukewa da zarar an kashe na'urar. Ragar ƙarfen da ke jikin gilashin ƙofa ita take hana su fita, saboda haka na'urar da ƙofarta ta lanƙwashe ko makullinta ya lalace a ajiye ta. Ganye da kabewa da aka dafa a cikinta da ɗan ruwa kaɗan sukan riƙe sinadaransu fiye da waɗanda aka daɗe ana tafasawa.

Matsalarta ta gaskiya ita ce rashin daidaiton zafi. Igiyoyin ba sa shiga fiye da santimita biyu ko uku cikin abinci, kuma ba sa bazuwa daidai a cikin akwatin. Malmalar tuwo tana iya ƙona yatsa a gefe alhali tsakiyarta da sanyi, kuma a wannan tsakiyar ƙwayoyin cuta suke tsira. Maganin abin shi ne a yanka tuwo ko nama ƙanana, a baza su a faranti, a yayyafa ruwa, a rufe da murfin da ke barin tururi ya ɗan fita, a tsaya a tsakiyar lokaci a juya, sannan a bar abincin minti biyu a rufe bayan na'urar ta tsaya don zafin ya ratsa. Abin da ake nema shi ne ko'ina ya kai digiri 70, kaza kuma 74. Wanda ba shi da ma'auni ya tabbatar tururi yana tashi daga tsakiya, ruwan nama kuma ba ja.

Kwanukan da aka fi samu a gidajen wannan yanki yawancinsu ba sa shiga maikirowef. Kwanon samira, da tasa, da langa, da kwanon silba, da kular abinci mai ƙarfe a ciki, duk ƙarfe ne ko da an shafe su da fenti, kuma ƙarfe yana tartsatsi ya lalata na'urar. Haka faranti mai zanen ruwan zinariya a baki, da cokalin da aka manta. Ƙwarya da akushi suna bushewa su tsage ko su ƙone. Farantin melamin, mai kama da tangaran amma marar nauyi, bai dace ba. Leda ta fi duka muni: al'adar ƙulla tuwo ko alala a leda ta yaɗu, duk da cewa Kamaru ta haramta siraran ledoji tun 2014, kuma leda a maikirowef tana narkewa ta manne da abinci, musamman mai mai. Gilashi mai jure zafi, da tangaran marar ado, da robar da aka rubuta a ƙasanta cewa ta dace, su ne kayan aiki.

Ƙwai da ɓawonsa yana fashewa, wani lokaci bayan an fito da shi, a hannu ko a baki. Dankali da duk abu mai fata sai an huda shi. Ruwan shayi a kofi mai santsi yana iya wuce zafin tafasa ba tare da ya nuna ba, sai an jefa sukari ko cokali ya yi tsalle ya watsu a fuska. A bar shi ya ɗan huta kafin a taɓa. Ba a ɗumama madarar jariri ko kununsa a cikin bulumboti a maikirowef, domin jikin kwalbar yana iya zama da ɗumi kawai alhali wani sashe na madarar yana ƙuna. Idan an ƙone, a sa wurin a ruwa mai sanyi mai tsabta na minti 20, ban da man goge baki, ban da manja, ban da ƙwai.

Idan aka raba aiki tsakanin na'urorin biyu, yawancin abincin gida yana samuwa. Ana laushe albasa da tumatir da attarugu da ɗan mai a kwanon gilashi a maikirowef na 'yan mintoci, a juye a tukunya tare da nama da daddawa. Shinkafa tana dahuwa a maikirowef cikin minti 15 zuwa 20, a babban kwano saboda kumfa. Tuwon mutum ɗaya ko biyu ma yana yiwuwa: a dama rude da ruwan sanyi, a sa shi minti biyu ko uku, a fito a juya har ya zama talge, a ƙara gari a tuƙa, a mayar ya sulala, a sake tuƙawa. Ba zai kai na muciya da tukunyar ƙarfe ba, amma tuwo ne. Abin da ba ya yiwuwa shi ne suya da gashi. Ƙosai, da waina, da soyayyen kifi, da tsire, sai a saya a bakin hanya. Yunƙurin tafasa mai da yawa a maikirowef hanyar gobara ce. Ciyar da gida mai mutum goma da waɗannan na'urori kuwa wahala ce kawai.

Ragowar abinci ita ce matsala ta gaba, domin tukunyar tana dafa abin da ya fi cin mutum ɗaya. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a zafin ɗaki, kuma inda zafi ya haura digiri 32 masana suna rage shi zuwa awa ɗaya. A raba shi a ƙananan kwanuka marasa zurfi a sa a firji; kaskon tangaran yana riƙe zafi, in aka sa shi a firji da abinci a ciki tsakiyarsa tana daɗewa ba ta huce ba. Miyar nama mai yawa da ta huce a hankali ita ce gidan Clostridium perfringens, mai sa murɗar ciki da gudawa bayan awa 8 zuwa 16. Shinkafar da ta kwana a waje kuma ta Bacillus cereus ce, mai sa amai cikin 'yan awoyi. Wanda ba shi da firji ya dafa daidai cikinsa, ko ya raba da maƙwabta tun da zafinsa. Ƙiyasin da hukumar ta fitar a 2015 ya nuna gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum sama da miliyan 91 a Afirka kowace shekara, yana kashe kimanin 137,000, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne suka fi shan wahalarsa.

Ta fuskar wuta, Kamaru tana amfani da bolt 220. Kayan da aka yi don Amurka na bolt 120 ne, na Japan kuma 100, kuma suna ƙonewa nan take idan aka jona su kai tsaye. A karanta takardar da ke manne a baya kafin a biya kuɗi. Maikirowef tana jan wat 1,100 zuwa 1,500, don haka tana son soket nata ita kaɗai mai wayar ƙasa, ba siririyar igiya mai rassa da aka haɗa da firji da dutsen guga ba. Idan wuta ta yi rauni, fitilarta tana kamawa, farantin yana juyawa, amma zafin ya ragu, sai lokacin da aka saba ya kasa isa. Ƙaramin janareta da ƙaramin faifan hasken rana na kunna fitila da cajin waya ba sa ɗaukarta. Tukunya mai wat 200 da ta yi awa takwas ta ci kilowat-awa 1.6, wanda ya fi duk abin da batirin bolt 12 mai amfiya-awa 100 yake riƙewa. A kan farashin gidaje da aka tsayar a 2012, daga sefa 50 zuwa 99 kowane kilowat-awa gwargwadon yawan sha, wannan dafuwa ba ta wuce sefa 80 zuwa 160 ba. Minti goma na maikirowef kuwa bai fi kilowat-awa 0.25 ba.

Ƙurar hunturu da kyankyasai suna toshe ramukan iskar maikirowef, saboda haka a bar mata sarari a baya da gefe, a riƙa goge cikinta, kada kuma a kunna ta babu komai a ciki. Idan ta lalace ba a kwance ta a gida: akwai wani sashe a cikinta da ke riƙe wuta ta dubban bolt ko bayan an zare ta daga soket, kuma yana iya kashe wanda ya taɓa shi. Aikin mai gyara ne wanda ya san yadda ake sauke wannan wuta.

Idan amai ko gudawa suka biyo bayan cin abinci, abin farko shi ne mayar da ruwan jiki. Ana amfani da ƙunshin gishiri da sukari na kantin magani, in babu kuma a dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Jariri, da mai ciki, da tsoho, da duk wanda aka ga jini a bayan gidansa, ko zazzaɓi mai zafi, ko ya kasa riƙe ruwa a cikinsa, ko fitsarinsa ya ɗauke, a kai shi cibiyar lafiya mafi kusa ko asibitin gunduma na Bibemi ba tare da jira ba, a kuma gaya wa ma'aikatan abin da ya ci da lokacin da ya ci shi.